Idan an yi wa wata fyaɗe a Damagaram: abin da za a yi tun daga awa ta farko

A gidajenmu, idan wannan abu ya faru, abin da aka saba yi shi ne a rufe ƙofa, a ɗora ruwan zafi, a jira maigida ya dawo, a aika a kira kawu ko baffa, a zauna shawara. Kafin shawarar ta ƙare kwana uku sun wuce, kuma kwana ukun nan su ne suka fi kowane lokaci daraja. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida yana aiki ne kawai idan an fara shan shi cikin awa 72. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa awa 120, wato kwana 5. Saboda haka tsarin shi ne likita da farko, shawarar dangi da maganar ƙara daga baya. Zuwa likita bai tilasta wa kowa kai ƙara ba, kuma ma'aikacin lafiya dokar aikinsa ta hana shi yaɗa sirrin marar lafiya. Mai son rufin asiri ma, hanyarsa ke nan, don cikin da ya fito bayan wata huɗu ba ya ɓoyuwa.

Wannan bayani na wadda abin ya faru da ita ne, da kuma wanda ta fara gaya wa: uwa, yaya, gwaggo, kishiyar uwa, maƙwabciya, malamar lakwal. Muna cewa "ita" don sauƙin magana, amma ana yi wa yara maza, har da almajirai da ke kwana a zaure da kasuwa, ana kuma yi wa manyan maza. Ban da maganar ciki, duk abin da ke nan ya shafe su.

Maganar farko

Idan yarinya ta zo tana rawar jiki ta ce "Inna, wani abu ya same ni", abin da kika faɗa cikin minti biyar na farko shi zai sa ta ci gaba da magana ko ta kulle bakinta shekaru. Ki ja ta ɗaki, ki sallami yara, ki zauna ƙasa kusa da ita. Kada ki tambaye ta me ya kai ta can, me ya sa ba ta yi ihu ba, ko me ya hana ta faɗa tun jiya. Mutum idan tsoro ya kai masa iyaka jikinsa kan daskare, murya ta ɗauke, hannu ya ƙi ɗaguwa. Wannan halittar jiki ce, ba yarda ba ce. Abin da take bukatar ji gajere ne: "Na yarda da ke, ƴata. Ba laifinki ba ne. Ina tare da ke." Sai ki tambaye ta inda ke mata ciwo, da ko wanda ya yi abin yana kusa.

Tambayar ta biyun tana da muhimmanci, don sau da yawa ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan gidan da take aiki, ko mai sayen tallarta, ko ɗan uwa da ke kwana a gida ɗaya. Idan haka ne, kada ta kwana inda zai iya kai wa gare ta. A kai ta gidan wata ƴar uwa da aka amince da ita. Idan yana barazana a lokacin, a kira ƴan sanda a lamba 17. Idan jini na zuba sosai, ko ta suma, ko cikinta na ciwo mai tsanani, ko an shaƙe ta tana wahalar numfashi ko haɗiya, babu jiran komai: a nemi mota ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Kafin a fita daga gida

Babu abin da take so kamar wanka, kuma kowa ya fahimci dalili. Amma idan za ta iya daurewa, ta bari sai likita ya duba ta, don ruwa da sabulu suna tafiya da shaidar da ke jiki. Haka tsarki, da goge baki idan abin ya shafi baki. Ruwan zafi da bagaruwa ko gishiri da ake zaunar da yarinya a ciki ba ya hana ciki, ba ya kashe ƙwayar cuta, yana ƙona wurin da ya tsage ne kawai, ya kuma ɓata abin da likita zai gani. Kada a cusa komai, kada a ba ta kanwa ko jiƙo.

Idan ta riga ta yi wanka, ba a yi asarar komai na magani ba. A tafi haka nan.

Tufafin da ke jikinta lokacin, zane, siket, ɗan kamfai, hijabi, har da zanen gado ko tabarma idan akwai tabo, kada a wanke su. Idan da danshi a shanya su a inuwa cikin ɗaki su bushe, a naɗe kowane daban cikin takarda mai tsabta ko ambulan babba. Ba a sa su a leda, domin leda tana riƙe gumi, a zafin Damagaram kuwa kwana biyu sun isa su yi funfuna shaidar ta lalace. A ɗauki wasu kaya na canji. Saƙonnin waya, muryoyin WhatsApp, lambar da ta kira, kada a goge ko ɗaya ko da ganinsu na tayar da hankali. Wanda ya iya rubutu ya rubuta rana, lokaci, wuri da duk abin da ta tuna game da mutumin, da Hausa ko da ajami, yadda ta faɗa da bakinta ba tare da gyara ba.

A lissafa awa 72 tun daga lokacin da abin ya faru. Idan daren Litinin ne bayan lisha, wa'adin ya cika daren Alhamis bayan lisha. Amma kada a ɗauka cewa ana da kwana uku na jira. Wadda ta fara magani a awa ta 4 ta fi wadda ta fara a awa ta 60 kariya.

Ina za a je, me za a ce a ƙofa

Cikin gari, ko daga Birni aka fito ko Zango, Garin Malam, Karkada ko Kara-Kara, akwai babban asibitin ƙasa na Zinder, akwai cibiyar lafiyar uwa da yaro da ake kira CSME, kuma duka biyun suna karɓar gaggawa dare da rana. A Mirriya, Magarya, Matamaye, Tanut ko Gure, a nufi asibitin gunduma. A ƙauye a fara da ƙaramar cibiyar lafiya, wato CSI, mafi kusa. Ko da ba su da dukan magungunan, za su wanke rauni, su ba da abin da suke da shi, su rubuta takardar turawa. Idan an ce babu maganin kariyar sida a nan, a tambayi inda masu ɗauke da cutar ke karɓar nasu, domin irinsa ne, kuma a Nijar kyauta ake ba da shi. A wuce can a ranar, ba gobe ba.

Ba sai an yi bayani gaban layi ba. A nemi ungozoma ta matanite ko majo, a ce: "Malama, magana ce ta sirri kuma ta gaggawa, muna son ganinki ke kaɗai." Tana da ikon neman mace ta duba ta, da ikon wata da ta yarda da ita ta tsaya kusa, da ikon cewa a dakata a kowane mataki na dubawar. Abin da kan ɓata lokaci a nan shi ne a ce sai an kawo takardar ƴan sanda. Takardar nan, rekizisiyo, ta shafi rahoton da likita zai yi wa shari'a ne. Magani ba ya jiran ta. A faɗa cikin ladabi cewa awoyi na tafiya, a ba da magani yanzu, takarda ta biyo baya, idan an ƙi a nemi ganin shugaban sashen.

Magungunan, ɗaya bayan ɗaya

Za a fara da gwajin sida da na ciki. Mutane kan ruɗe a nan. Gwajin ranar farko ba ya nuna abin da ya faru jiya, yana nuna halin da take ciki ne kafin abin ya faru, don a san irin maganin da ya dace.

Kariyar sida ga babba ko matashiya mai nauyin kilo 30 zuwa sama ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da magani uku: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Ana sha kwana 28 cif, a lokaci ɗaya kullum. Ƙananan yara ana auna nasu da nauyinsu. Inda aka fi faɗuwa shi ne mako na farko: tashin zuciya, ciwon kai, kasala, wani lokaci rashin barci, sai a ce maganin ya yi ƙarfi a ajiye. Waɗannan suna raguwa bayan ƴan kwanaki. A sha da ɗan abinci, ko kunu ne. Idan yana hana barci a maida shi safe. Idan an manta aka tuna a ranar, a sha nan take, amma kada a haɗa biyu washegari. Maganin ƙarin jini da farin ruwan nan na ciwon gyambon ciki suna hana dolutegravir shiga jiki sosai, don haka a gaya wa likita idan ana shan su ya raba musu lokaci. Mai ciki da mai shayarwa duk suna iya sha. Wani abin da ke sa a daina shi ne kunya: yarinya na tsoron a ga kwalbar a ce tana da sida. Sai uwa ko yaya ta riƙe maganin a wurinta, ta riƙa ba ta da hannunta, tana yin alama a takarda har 28 su cika.

Maganin hana ciki na gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5, ƙwaya ɗaya ce tak, a farmasi ana samun ta da suna NorLevo. Ta fi ƙarfi cikin kwana 3 na farko, ana iya ba da ita har kwana 5. Aikinta jinkirta fitar ƙwan mace ne. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta hana haihuwa nan gaba, kuma wannan ya kamata a bayyana wa iyayen da ke ɗari-ɗari. Idan ta yi amai cikin awa 2 bayan sha, a sake ba ta wata. Yarinyar da ba ta fara al'ada ba amma ƙirjinta ya fara fitowa ita ma a ba ta, don ciki na iya shiga kafin jinin farko. Akwai kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe da ungozoma ke sakawa cikin kwana 5, ta fi ƙwayar tabbas, sai dai ba kowa ke iya jure a saka mata a irin wannan hali ba.

Cututtukan sanyi ba a jiran alamarsu ta fito. Ana ba da allurar ceftriaxone ko ƙwayar cefixime saboda ciwon sanyi mai fitar da mugunya, azithromycin giram 1 sau ɗaya ko doxycycline miligiram 100 safe da yamma na kwana 7, sai metronidazole giram 2. Mai ciki ba ta shan doxycycline. Metronidazole na tayar da zuciya, shi ya sa ungozoma mai lura kan ce a bar shi sai an koma gida bayan awoyi, kada amai ya fitar da sauran. A tambayi allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ake so a fara cikin kwana 14, da ta tetanus idan akwai rauni. Tsagewa ana ɗinke ta ne idan ba ta wuce awa 24 ba, bayan haka sai wanki da kulawa. Idan bayan abin fitsari ko bayan gida na zuba ba tare da ta sani ba, kamar yadda kan faru da ƙananan yara, wannan yoyo ne da ake gyarawa da tiyata, kuma CSME na Zinder na cikin wuraren da ke wannan aiki.

Wadda ta zo bayan mako biyu, ko wata uku, ko shekara, ita ma ta zo. Kariyar sida da ta ciki sun wuce, amma gwaji, maganin sanyi, allurar hanta, takardar likita da mai saurare duk suna nan.

Takardar likita

Kafin a bar asibiti a nemi sartifika na likita. A ciki yana rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da abin da ya gani, da rana da sa hannu. Ba aikinsa ba ne ya rubuta an yi fyaɗe ko ba a yi ba, wannan na alƙali ne. Rashin rauni ba ya nufin ƙarya take yi, mata da yawa ba a ganin komai a jikinsu. Duba budurci kuwa, wanda wasu dangi ke dagewa a yi, tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba shi da tushe a ilimin likita, ba ya tabbatar da komai, ƙarin wulaƙanci ne kawai. A yi wa takardar fotokofi, a ɗauki hotonta a waya, a ajiye ta asali inda wanda ake zargi da danginsa ba za su kai hannu ba. Ko ba a da niyyar ƙara yau, a karɓa. Ra'ayi kan canja bayan wata shida.

Idan za a kai ƙara

Babbar mace ita ke yanke shawara, ba mijinta ko wanta ba. Ga yaro ƙarami lamarin daban ne: manya ne ke da alhakin kare shi, kuma yin shiru yana barin mai laifin ya koma kan wani yaron.

Cikin gari ana zuwa kwamisariya a nemi sashen kare yara da mata, a karkara ana zuwa jandarma. Ana kuma iya rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Zinder, kuma wannan ita ce hanyar da za a bi idan an ga ana jan ƙafa a ƙasa. Za a ɗauki bayani a rubuta shi da Faransanci. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an karanta an fassara shi da Hausa, jimla bayan jimla, domin kuskuren rana ko na wuri a wannan takarda shi lauyan wanda ake zargi zai riƙe a kotu. Abin da ba ta tuna ba ta ce ba ta tuna ba, kada ta cike gurbi don a bar ta ta huta. Daga nan fayil ya tafi wurin mai shigar da ƙara, shi kuma ya miƙa wa alƙalin bincike tunda babban laifi ne. Ana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. A riƙe lambar fayil, a bar lambar waya mai aiki, a riƙa leƙawa.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, yadda aka gyara ta a 2003, a aya ta 283 ta ce fyaɗe shi ne duk wata shiga ta jima'i, kowace iri, da aka yi wa wani da ƙarfi, tilas, barazana ko shammata. Aya ta 284 ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 20, idan kuma yaron bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Hukuncin na ƙaruwa idan mai laifin uba ne, malami, ko wani mai iko a kan wanda aka cuta. Ana da shekara 10 na shigar da ƙara, sai dai shaida ba ta jira haka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don taimakon shari'a ga marasa hali, yara na cikin waɗanda take ba fifiko. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN, ita ma tana ba da shawara. Ana iya roƙon kotu ta yi zaman a rufe, ana kuma iya neman diyya cikin shari'ar.

Za a zo da maganar sulhu, wannan tabbas ne. Dattawa za su zo da goro da jika kaza, a ce a rufa wa juna asiri, wani ma ya ce a ɗaura musu aure a huta. Mai unguwa da hakimi suna da ikon sasanta rikicin gona, gado da aure, amma babban laifi ba ya cikin hurumin sulhunsu, kuma janye ƙara ba ya hana gwamnati ci gaba da tuhuma. Aurar da yarinya ga wanda ya yi mata wannan abu kuwa miƙa masa ita ne ya ci gaba. Haka nan samarin gida da ke son ɗaukar adda, a riƙe su: su za su shiga kaso, shari'ar ta koma kansu.

Bayan an dawo gida

Makonnin farko za a ga firgita cikin barci, ƙin abinci, kuka ba dalili, ko shiru kamar ba ita ba. Yaro na iya komawa fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa wani gida da ya saba zuwa. Ba iskoki ba ne, ba taurin kai ba ne. Addu'a da tofi suna kwantar da zuciya, a yi su, amma a haɗa da sauran. Kada a tsare ta a ɗaki kamar mai laifi, kada a cire ta daga lakwal, kada a sa ta maimaita labarin ga duk wanda ya shigo jaje. Ta koma ƙananan ayyukan da ta saba lokacin da ta ji za ta iya. Idan firgici ya taso, ta zauna ta dafa ƙasa da ƙafafunta, ta ja numfashi a hankali tana ƙirga huɗu, ta sake shi tana ƙirga shida, sau goma. Ƙwayoyin barci na masu talla a kasuwa da tramadol ba magani ba ne a nan, wata cutar suke ƙarawa.

Idan ta ce gara ta mutu, a ɗauki maganar da gaske. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kawar da maganin ƙwari, shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta babban asibiti a ranar. Idan wata guda ya wuce ba ta iya barci ko fita ba, a nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti da cibiyoyin kare yara na CEPPP su ne suka san wanda ke ba da mafaka, kuɗin mota ko koyon sana'a a lokacin, domin Zinder na cikin jihohi huɗu da shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya horar da ma'aikata kan wannan aiki, tare da Maraɗi, Tawa da Tilaberi.

Komawa likita: bayan mako 2 a duba rauni da yadda ake shan magani, bayan wata 1 a karɓi allurar hanta ta biyu, bayan wata 3 a sake gwajin sida, wanda shi ne ke ba da amsar da ake jira, bayan wata 6 allurar hanta ta ƙarshe. Idan al'ada ta yi jinkiri fiye da mako guda a yi gwajin ciki. Idan ya tabbata, a koma wurin likita, ba wurin mai jiƙo ko mai allura a bayan gida ba, inda jini da ruɓewar mahaifa ke kashe ƴan mata. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta yarda a katse ciki ne bisa shawarar likitoci idan yana barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko jaririn na da mummunar cuta, don haka a gaya wa likita halin da take ciki duka, na jiki da na zuciya. Yarinya ƙarama mai ciki a fara mata awo da wuri, kuma ta haihu a asibitin da ke iya tiyata, don ƙugunta bai gama buɗewa ba.